Ƙasa, Ciyawa da Itatuwa: Yadda Za Ka Sa Samfurinka Ya Yi Kama da Illela

Zangon aikin kammala karatu ya kama, kuma kowa ya san yadda ake yi. Mutum zai kwashe sati uku yana yanka ƙofofi da tagogi da reza, sai ana gobe za a kare aiki ya tuna bai yi ƙasa ba, bai kafa itace ko ɗaya ba. Nan da nan a nemo koren ƙyalle a shimfiɗa, a soka itatuwan roba masu tsini irin na ƙasashen ƙanƙara. Gini na Sakkwato, fili na Turai.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Maki yana zubewa, domin malamin da aka gayyato daga waje fili yake fara kallo kafin ya sunkuya kan gini. Abin da ya fi maki kuwa, samfurin da ya yi ƙarya a kan ƙasa zai yi ƙarya a kan inuwa, da iska, da inda ruwa ke bi. Gobe kai ne za a ba zanen tasha ko kasuwa, mutane su zauna cikin abin da ka zana.

Zan yi darasin da misali ɗaya: a ce an ba ka aikin tsara tashar jirgin ƙasa ta fasinja da kaya a Illela.

Me ya sa Illela?

Illela tana sama da kilomita 80 arewa da Sakkwato, ta hanyar Kware da Gwadabawa, tana kallon Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi kasuwarta ke ci, kuma kara ɗinta sananne ne: shanu, raƙuma, tumaki, ga hatsi ga albasa. Tana cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa a Disamba 2020 bayan rufewar 2019, kuma daga nan ne babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry ta faro. Amma babu layin dogo. Tsohon layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021, ta Katsina da Jibiya ya bi. Ke nan tasharka tana cikin kanka ne kawai, amma ƙasar da za ta zauna a kai tana nan, ana iya zuwa a taka ta.

A Turai haɗa ƙananan jiragen ƙasa da filayensu sana'a ce kuma abin sha'awa. A Hamburg ta Jamus akwai Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda aka gina garuruwa da duwatsu a sikelin 1:87. Su suna sayen ciyawa da itatuwa a kanti. Mu dabarar za mu ɗauka, kayan kuwa suna bola da bakin hanya.

Fara da lissafi

Kafin ka taɓa gam, tsayar da sikeli. Ni na fi son 1:200 ga irin wannan aiki, domin mita ɗaya na zama milimita 5. Cikakken allon katako na kafintoci, mai santimita 122 da 244, zai ɗauki fili mai mita 244 da 488. Ya ishi tasha, da wurin lodin dabbobi, da ɗan yankin gona.

Rubuta waɗannan a takarda ka manna a bango. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai zama milimita 8.5. Dogon yaro mai mita 12 zai zama santimita 6. Geron da ya kai mita 2.5 bai wuce milimita 12 da rabi ba. Faɗin sabon layin dogo milimita 1,435 ne, a kan allonka kimanin milimita 7 ke nan. Tsohon layi mai 1,067 kuwa 5 da ɗan kai.

Ga inda mutane da yawa ke faɗawa: ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, a wannan sikeli dutse ce mai santimita 20. In ka zuba yashin gini yadda yake, ka mai da Illela filin duwatsu. Dole a tankaɗe.

Je ka gani

Gani ya kori ji. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna maka tituna da inda itatuwa suka taru, amma ba zai ba ka launin ƙasa na gaskiya ba. Ka tafi da rana, ka riƙe katin makaranta da takarda daga sashenku. Garin iyaka ne, kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto kusa da shingen jami'ai sai ka nemi izini. In gonar mutum za ka shiga, yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka.

Ɗebo ƙasa kashi uku a leda daban-daban: farin yashin jigawa, jar ƙasa mai tsakuwa ta bakin hanya da kan fako, da baƙar laka ta fadama irin ta wajen tafkin Kalmalo. Gwangwanin madara biyu na kowace ya isa. Ka kuma lura da abin da ido kan tsallake: hanyar da shanu suka tattake, zaizayar da ruwa ya yi a gefen kwalta, da yadda gindin kowane babban itace ya zama wurin zaman mutane.

Gina ƙasar

Buga 'yan katakai a ƙarƙashin allon don kada ya lanƙwashe in ya sha ruwan gam. Auna ƙofar situdiyo da bayan Keke Napep tun yanzu. In allon ba zai wuce ba, raba shi biyu.

Tudu da kwari da kwali ake yi. Nemi kwali mai kaurin milimita 5, kowane shafi ɗaya mita ɗaya ke nan na tsawo. Yanka shi bisa layukan tudu na taswirar safiyo, ka jera wani kan wani. Yankin Illela shimfiɗaɗɗe ne galibi, shafi biyu ko uku sun wadatar, kada son burgewa ya sa ka gina Dala da Goron Dutse. Jirgin ƙasa ba ya son hawa, don haka layin kansa ya tafi a miƙe kan ɗan tudun da aka cike, ka bar kwalbati duk inda ya tsallaka hanyar ruwa. Damina a can gajera ce, wajen Yuni zuwa Satumba, amma in ruwa ya sauko da ƙarfi yake zuwa.

Rufe matakalar kwalin da tsohuwar jarida da aka jiƙa a farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, ko ka shafe da garin POP mai ruwa-ruwa. Kada ka yi amfani da kunun sitaci ko na fulawa, gayyatar kyankyaso da ɓeraye ce. In kuma farar kumfar nan ta cikin kwalin firiji ka samu, ka nisanta ta da gam mai warin fetur da fentin feshi, narkar da ita suke yi. In ya bushe, shafa fentin ruwa mai launin ƙasa ko'ina, don ko yashi ya zube wani wuri kada fari ya leƙo.

Ƙasar da ka ɗebo, soya ta a tsohon kasko minti goma ko sha biyar, ƙwayayen ƙwari da irin ciyawa su mutu. Ta huce, ka tankaɗe da rariyar gari. Shafa gam a ɗan yanki, barbaɗa ƙasar daga sama, ka haɗa launukan a bakin iyakarsu yadda ba za a ga layi ba. Sannan dama gam kashi ɗaya da ruwa kashi uku, ka ɗiga sabulun ruwa kaɗan. Sabulun ne ke sa ruwan ya nutse cikin yashi maimakon ya dunƙule a sama. Fara fesa ruwa zalla sama-sama, sannan ka ɗiɗɗiga haɗin da sirinji. Tsakuwar layin dogo ma haka: tankaɗaɗɗen yashi da ka rina toka-toka.

Zaɓi lokaci ɗaya

A nan ake gane wanda ya san daji. Tambayi kanka: samfurin nan damina ce ko rani? Gawo da damina yake zubar da ganye, ya tsaya tsirara a tsakiyar gero, shi ya sa manoma ke barinsa a gona. Da rani kuma ya yi kore shar. Kuka akasin haka take. To in ka nuna gero ya yi kai, ga gawo lulluɓe da ganye, duk malamin da ya taso a ƙauye zai kama ka kafin ka buɗe baki.

Shawarata ka ɗauki kaka, wajen Nuwamba. Ciyawa ta yi ruwan ƙasa, an girbe gero sai karan da ya rage, fadama kuwa ta fara kore da albasa. Haka ƙasar take yawancin shekara, kuma a lokacin ne tashar kaya za ta fi aiki.

Ciyawa da ƙananan tsirrai

Je wurin masu yankan katako ka roƙi garin katako, ka tankaɗe. Rina shi da fentin ruwa kashi uku: ruwan ƙasa mai haske, rawaya-rawaya, da kore mai duhu kaɗan. Shanya a jarida cikin inuwa, ka rufe da tsohon gidan sauro kada iska ta kwashe. Barbaɗa shi tsalli-tsalli, ƙasa tana leƙowa, domin ciyawarmu ba darduma ba ce. Kore na bakin ruwa ne kawai da bayan gidaje inda ake zubar da ruwan wanka.

Doguwar ciyawa irin gamba, da karan gero, warware igiyar rama ka yanka milimita 8 zuwa 12, ka tsoma gindin a gam ka kafa da hantsaki. Na gona a jere bisa kunya, na daji a warwatse. Sabara, kalgo da tumfafiya kuwa ƙananan dunƙulen soso ne, kada su wuce santimita ɗaya.

Itatuwa

Fere tsohuwar wayar wuta ka ciro siraran zaren jan ƙarfen ciki. Haɗa kamar 15 zuwa 20, murɗa ƙasan ya zama gindi, ka bar ɗan tsini na sokawa a allo. Raba saman gida uku ko huɗu, kowane ka murɗa ka sake rabawa, har rassa su sirance. Shafe gindin da gam da ɗan POP, ka yi masa fenti toka-toka. Je ka kalli itace da kyau, gindinsa ya fi kusa da toka fiye da ruwan ƙasar da muke shafawa tun firamare.

Ganye daga tsohuwar katifar soso yake fitowa. Goga ta a abin goga kuɓewa, ka cuɗa da fenti, ka matse, ka shanya. Shafa gam a rassa kaɗai, ka barbaɗa. Mai duhu a ƙasa, mai haske a sama, ka bar 'yan kafofi da ido zai ratsa.

Kowane itace da surarsa da mazauninsa. Dogon yaro mai cikar kai ne, kore mai duhu, kuma na cikin gari ne: bakin titi, kasuwa, ƙofar gida. Gawo na gona ne, ɗaya nan ɗaya can, kansa a baje. Aduwa gajera ce, rassanta a cukurkuɗe. Bagaruwa ta fi son kwari inda ruwa ke kwanciya. Goriba gindinta ke rabuwa biyu, kowane ya sake rabuwa, sai ka yanka mata ganye da takarda kamar mafici. Kuka kuwa naɗa tsumma a jikin ƙusa har kaurin ya kai santimita ɗaya da rabi, wato mita 3. In itace marar ganye kake so, tumɓuke busasshen ɗan tsiro ka juya saiwarsa sama, ka gasa ta kaɗan a kasko. Babu wayar da za ta kai ta kyau.

Itatuwan da kai ka ƙara a zanenka, ka san dalilin kowane. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, jerin dogon yaro ta wannan ɓangaren zai tare ƙura. Wurin jiran fasinja da wurin tsayuwar dabbobi suna buƙatar inuwa ta yamma. Manna kibiyar arewa a kusurwar allo, don in an tambaye ka ka nuna da yatsa.

In akwai tafki, kada ka shafa shuɗi. Ruwan tafki launin laka ne mai ɗan kore. Yi fentin, ya bushe, ka bi shi da farin gam shafi biyu ko uku, yana bushewa zai yi ƙyalli.

Lokaci da gwaji

Ware wa wannan aiki kwana goma, ba daren ƙarshe ba. Da hunturu gam kan bushe a kwana ɗaya, da damina ya kan ci biyu ko uku. Itatuwa aikin hira ne: ku haɗu ku huɗu bayan Isha'i, ɗaya na murɗa waya, ɗaya na fenti, kafin sati kowa ya samu nasa. Allo, gam da fenti ne kaɗai za su ci maka kuɗi.

In ka gama, karkata allon ka ɗan bubbuga bayansa. Abin da ya zubo bai kamu ba, sake ɗiga gam. Sannan fitar da shi rana da hantsi, ka durƙusa ka ɗauki hoto da waya daidai tsawon ɗan mutumin nan mai milimita 8.5. Nemi ɗalibi ɗan Illela ko Gwadabawa, ba a rasa su a hostel, ka nuna masa ba tare da ka ce komai ba. In ya ce wannan ai kamar hanyar Ƙonni, to ka shirya shiga gaban malamai. In ya yi shiru yana juya wayar, tambaye shi abin da ya ɓace, ka koma ka gyara.

Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.