Tafin Raƙumi da Kofaton Sa: Darasi Kan Zaɓen Tayar Mota

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Ƙaraye da ta Rogo ya san cewa da zarar an sauka daga kwalta, hanya takan sauya hali sau uku kafin a isa ƙauye: burji mai tsakuwa, jigawa mai yashi, da fadama mai laka, musamman a kewayen madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992. A watan Agusta, motar da ta ɗauko mai naƙuda ko maganin rigakafi tana iya kwana a taɓo, ko da kuwa ƙafafunta huɗu duka suna ja. Dalili shi ne, ƙarfin inji ba ya isa ƙasa sai ta hanyar taya. Saboda haka, ƙasar da za a taka ita ce ke zaɓa wa mota taya.

Darasi daga dabbobi

Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma ba ya nitsewa a rairayi, domin tafinsa mai faɗi ne, yana kuma bajewa idan ya taka. Ka'idar ita ce, gwargwadon faɗin wurin da nauyi ya sauka, gwargwadon raguwar dannawarsa. Misali, motar da ke da nauyin kilo 2,000, kowace taya tana ɗauke da kilo 500. Idan wurin da tayar ta taɓa ƙasa murabba'in santimita 200 ne, kowane murabba'i yana ɗaukar kilo 2.5. Idan aka sassauta iska har wurin ya kai 400, sai ya koma kilo 1.25. Wannan ya sa ƙwararren direba ke rage iska a yashi, ya tafi sannu, sa'an nan ya mayar da ita kafin ya hau kwalta, domin taya maras isasshiyar iska takan yi zafi har ta fashe.

A laka kuwa, labari ya sha bamban. Santsi kan ɗebi raƙumi, alhali sa yana wucewa, saboda kofatonsa mai kaifi yana huda laka ya kama ƙasa mai ƙarfi. Haka taya take buƙatar haƙora masu zurfi da tazara, waɗanda ke cizon ƙasa suna watsar da taɓo yayin da suke juyawa.

Ire-iren taya

Akwai iri uku. Mai alamar H/T ta kwalta ce. Zanenta ƙanana ne, laka kan cike su nan take. Mai alamar M/T ta taɓo ce. Ta dace da motar da ke shiga gonakin rake da damina, amma a kwalta tana da ƙara, tana ƙara shan mai, tana kuma saurin cinyewa. Mai alamar A/T ita ce tsaka-tsaki, kuma ita ta fi dacewa da wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da ƙauyukan Rogo rani da damina. Haka kuma, mai harufan LT ta fi jure kaya, da sukar ƙayar bagaruwa da kututturen dawa.

Karanta gefen taya

Idan an ga 265/70 R16, faɗin tayar milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 70 cikin ɗari na faɗin, ƙarfen da take zama a kai kuma inci 16. Gefe mai tsayi ya fi shanye gargada. Wajibi ne tayoyin huɗu da safaya su zama girma ɗaya, in ba haka ba giyar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta wahala.

Abin lura na ƙarshe shi ne shekaru. Asalin roba ɗanƙon itace ne, wanda Charles Goodyear ya gano yadda ake ƙarfafa shi da farar wuta a 1839. Zafin rana da iska suna busar da ita ta tsattsage, ko da ba a yi tafiya da ita ba. Tun daga 2000, lambobi huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT suna nuna ranar haihuwar taya: 3522 na nufin mako na 35 na 2022. Tayar gwanjo mai kyan zane tana iya zama tsohuwa, kuma araha ba ta ado.

Aikin aji

Malami ya sa ɗalibai su cika faranti da jiƙaƙƙen yashi, su ɗora bulo a kwance, sa'an nan a tsaye, su auna zurfin gurbin kowanne. Daga nan su karanta gefen tayoyin wata mota, su faɗi shekarun kowace da irin ƙasar da ta dace da ita.