Darasin Kimiyya: Ƙwayar Zarra da Jadawalin Sinadarai

Duk manomin da ya taɓa sayen takin zamani ya san haruffan nan uku na jikin buhu: N, P, K. Kowane harafi yana tsaye ne a madadin wani sinadari da shuka take ci. Wanda ya gane asalinsu ya san abin da yake zuba wa gonarsa.

Mece Ce Ƙwayar Zarra?

Ruwa, ƙarfe, iska, har jikin mutum, duk an gina su da wasu ƙananan ƙwayoyi. Masana suna kiran kowace ɗaya ƙwayar zarra. Saboda ƙanƙantarta ido ba ya ganinta.

A tsakiyar ƙwayar zarra akwai cibiya. A cikin cibiyar ake samun furoton da niyutoron. Ilektoron kuma suna kewaye da cibiyar.

Yawan furoton shi ke bambanta wannan sinadari da wancan. Mai furoton 1 shi ne haidirojin. Mai 8 shi ne oksijin, iskar da jiki ke bukata don a rayu. Mai 26 baƙin ƙarfe ne, mai 79 kuwa zinariya. Idan ƙwayar haidirojin biyu suka haɗu da ta oksijin ɗaya, sai a sami ruwa.

Jadawalin Sinadarai

A shekarar 1869 wani malami ɗan ƙasar Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin. Ya bi nauyinsu, ya kuma haɗa masu hali iri ɗaya a layi ɗaya. Ya bar gurabe, ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna. A 1875 aka gano galiyam a Faransa, ya cike ɗaya daga cikin guraben. Yau jadawalin yana ɗauke da sinadarai 118, an jera su bisa yawan furoton.

Amfaninsa Ga Manomi

N shi ne naitirojin, mai lamba 7 a jadawali. Shi ke sa ganye ya yi kore shar. P fosforas ne, mai lamba 15, yana ƙarfafa saiwa. K fotasiyam ne, mai lamba 19, yana taimaka wa shuka jure cuta da ƙarancin ruwa. Akwai shi a cikin tokar murhu.

Takin yuriya yana da naitirojin kashi 46 cikin 100, amma ba shi da P da K. Saboda haka yuriya kaɗai ba za ta ciyar da gona ba. Kafin manomi ya kashe kuɗinsa, ya karanta jikin buhu, ya kuma nemi shawarar malamin gona.

Tambayoyi

1. Mene ne ke cikin cibiyar ƙwayar zarra?
2. Sinadarai nawa ne a jadawali yau?
3. Wane sinadari ne ke sa ganye ya yi kore?