Darasi Na 17: Amosanin Jini Da Ruɓewar Ƙashi

Da wuya a sami garin da ba shi da yaro mai amosanin jini, wanda a asibiti a ke kira sikila. Kun san alamarsa. Idonsa ya kan yi ruwan ɗorawa, jikinsa ba ƙwari, in sanyi ya sauko sai ya dinga kukan gaɓoɓi. Wannan ba maita ba ce, ba kuwa iska ba ce. Gado ne, daga wajen uwa da uba duka biyu.

A cikin jini akwai 'yan ƙwayoyi jajaye. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Na mai lafiya suna da laushi, su kan wuce ta ƙananan jijiyoyi sumul. Na mai amosanin jini kuwa su kan tanƙware kamar lauje, su yi tauri, su toshe hanya. Duk inda jini bai kai ba, wurin ya kan yi zogi. In a cikin ɓargo ne, wani ɗan yanki na ɓargon ya kan mutu.

Wannan shi ne ciwon da kuka saba gani. Ya kan taso, ya yi 'yan kwanaki, ya kwanta. Amma akwai wani dabam wanda ba ya kwantawa don kansa. Shi ne sa'ad da ƙwayoyin cuta suka shiga ƙashin, suka sa shi ruɓewa. Iri biyu ne suka fi yin wannan ɓarna.

Ta farko sunanta salmonela. Wadda ke kawo zazzaɓin taifot ma cikin danginta ta ke. Mazauninta hanji, na mutum, da na kaji, da na dabbobi, har da na ƙadangare. Da kashi ta kan fito. To, ku lura da rubutu a nan. Kashi dabam, ƙashi dabam, ƙugiyar harafin farko ce ta raba su. Wannan ƙwaya kuwa daga kashi ta kan tashi ta sauka a ƙashi.

Ga yadda tafiyar ta ke. Kaza ta yi kashi a bakin rijiya, ko ƙuda ya taso daga juji ya sauka a kan tuwo. Yaro ya ci ko ya sha. In mai lafiya ne, sau da yawa zawo kaɗai zai yi, ya warke. Mai amosanin jini fa? Jijiyoyin hanjinsa sun sha toshewa, saboda haka ƙwayar ta kan sami kafa ta faɗa cikin jini. A jiki akwai saifa. Aikinta kamar na rariya ne, ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Amma saifar mai amosanin jini ta kan gaza tun yana ƙarami. Sai ƙwayar ta wuce abinta, har ta iske wurin nan da ɓargo ya mutu. Nan ta kan zauna ta hayayyafa. A 1960 waɗansu likitoci biyu a Ibadan suka buga bayanin yaran Nijeriya da salmonela ta shiga ƙashinsu, da yawansu masu amosanin jini ne.

Ta biyu sunanta sitafilokokas. Sunan da wuyar faɗa, ku kira ta ƙwayar maruru, don ita ke kawo shi. Tana zaune a fata da cikin hanci. Ƙofarta miki ne, ko ƙurji, ko gyambo, ko tsaga. A Amurka da Turai salmonela ta fi yawa a ƙashin masu amosanin jini. A asibitocin Nijeriya da dama ƙwayar maruru aka fi samu.

Yaya uwa za ta gane? Ta dubi abu uku. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Ciwon ya tsaya wuri guda, kamar ƙwauri, ko cinya, ko damtse. Wurin ya kumbura, in an taɓa da zafi, yaro ba ya yarda a motsa shi. Gaskiya a farko ko likita ya kan sha wuyar rarrabe wannan da amosanin da aka saba. Shi ya sa ya kan ɗebi jini, ko ya zuƙi mugunya da allura, a aika ɗakin awo a ga wace ƙwaya ce, domin kowace da maganin da ya fi cinta. Hoton ƙashi ba ya nuna kome sai bayan kwana 10 ko fiye. Kada ku ce tun da hoto bai nuna ba, lafiya lau ne. Mai amosanin jini in ya yi zazzaɓi, a ranar a ke kai shi asibiti.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sakiya, da ƙaho, da tsaga a kan kumburin. Wanzami gwani ne a aikinsa, amma askarsa ba ta kai cikin ƙashi. Sabuwar ƙofa kawai ta kan buɗe wa ƙwayar maruru. In aka yi sakaci, ƙashin ya kan mutu, mugunya ta huda fata ta yi ta zuba shekara da shekaru. Sai an yi aiki an fid da mataccen ƙashin. Wani yaron ƙafarsa ta kan gajarce, ya zauna da ɗingishi.

Maganin asibiti yana da tsawo, mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. Bayan mako guda yaro ya kan ji sauƙi ya fara wasa, sai iyaye su ce ya warke. Bai warke ba. A ƙarasa maganin kamar yadda likita ya ce.

A gida kuma, a tafasa ruwan da zai sha, a rufe randa. Ƙwai da nama a dafa su sosai. Kada a bar kaji da ƙadangaru su hau shanya. A rufe bakin salga. A wanke hannu da sabulu bayan ban-ɗaki, da kafin cin abinci. In ya ji rauni, ko na ƙaya ne, a wanke da sabulu da tafasasshen ruwa, a ɗaure da tsumma mai tsabta.