Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba: Misali da 999,999

Miliyan ɗaya ba ɗaya, wato 999,999, lamba ce mai kwarjini, amma da biro da takarda za ka feɗe ta har wutsiya. Ajiye kalkuleta tukuna.

Da farko dubi lambar ƙarshe. Tara ce, saboda haka mara ce ba cika ba, 2 ba ta raba ta. Ita ma 5 babu ruwanta a nan, tunda ba sifili ko biyar ne a ƙarshe ba.

Na biyu, tara lambobin da ke cikinta: 9 sau shida, 54 ke nan. Tunda 9 na raba 54, to tana raba uwar lambar, ka samu 111,111. Sake tarawa, 6 ne, 3 ta shiga, saura 37,037. Wannan jimillarta 20, ƙofar 3 ta rufe. Ka rubuta cewa 3 ta fito sau uku.

Mataki na uku shi na fi so, don tsuntsu uku ake jifa da dutse ɗaya. Idan ka ninka 7 da 11 da 13 za ka samu 1,001. Don haka ka yanke lambobi ukun ƙarshe, ka ɗebe su daga na gabansu: 37 a ɗebe 037, sifili. Cikin 7 da 11 da 13, duk wadda ta raba abin da ya rage, ta raba lambar. Sifili kuwa kowa na raba shi. Raba 37,037 da 1,001, sai ga 37, wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Tubalan ginin ke nan: 3×3×3×7×11×13×37.

Na huɗu, lambobi nawa ne ke raba ta ba saura? Kada ka wahalar da kanka da jero su. Ƙara ɗaya a kan yawan fitowar kowane tubali, ka ninka: 4×2×2×2×2, wato 64.

Sai ajinta. Tun wajen shekara ta 100 Miladiyya, Nikomakus, masanin lissafi da ya yi rubutu da Girkanci, ya kasa lambobi gida uku bisa jimillar masu raba su, ban da ita lambar kanta: mai gaza, cikakkiya kamar 6 da 28, da mai rara. Ga gajeriyar hanyar samo jimillar masu raba 999,999: 1+3+9+27 ya ba da 40, sauran tubalan kuma ka ƙara wa kowanne ɗaya. Ninka 40×8×12×14×38, ka samu 2,042,880. Ɗebe 999,999, saura 1,042,881. Ya zarce ta, don haka mai rara ce. Wannan ba kasafai ake samunsa a lambobin mara ba. Ta farko a cikinsu sai an kai 945.

Yanzu gwada hannunka da 720,720. In masu raba ta suka fito maka 240, ka kama hanya.