Darasi na Goma Sha Huɗu: Ɗan Injin Gurza na Maƙeran Birmingham

A ƙasar Hausa ƙira ta kasu gida biyu. Akwai maƙeran baƙi masu yin fartanya da gatari, akwai kuma maƙeran fari waɗanda ke sarrafa azurfa da zinariya su yi zobe da awarwaro da 'yan kunne. A birnin Birmingham na ƙasar Ingila akwai unguwa guda ta maƙeran fari, ana kiranta Jewellery Quarter. Tun shekarar 1773 aka kafa ofishin gwada ingancin zinariya da azurfa a birnin, bisa ƙoƙarin Matthew Boulton. A 1890 kuma aka buɗe makarantar koyon wannan sana'a a titin Vittoria, tana nan har yau.

A da, magagari shi ne abokin aikin maƙeri wajen gurza da gyaran baki. Yanzu ɗan injin lantarki ya ɗauke masa rabin wahalar. Iri biyu ne. Na farko akan rataye shi a ƙugiya bisa teburin aiki, wata igiya mai lanƙwasa ta sauko daga jikinsa zuwa mariƙi, maƙeri yana taka shi da ƙafa kamar keken ɗinki. Na biyu duk jikinsa a hannu yake. Kamfanin Dremel, wanda Albert Dremel ya kafa a Amurka a 1932, shi ne ya yi suna wajen ƙera irinsa.

Sirrin injin yana ga saurinsa, domin wani yakan juya sau 35,000 a minti guda. A bakinsa ake ɗaura kawuna dabam-dabam: na huda, na yanka, na sassaƙa, da na goge ƙarfe har ya yi ƙyalli. Kaurin gindin kan da maƙeran fari suka fi amfani da shi milimita 2.35 ne, don haka na wannan kamfani yakan shiga mariƙin wancan. Daidaita awo irin wannan tsohuwar al'ada ce a Ingila. Tun 1841 Joseph Whitworth, mai masana'anta a Manchester, ya fito da awo guda na zaren kusa mai murɗi.

Almajirin maƙeri yakan fara da koyon riƙo. Ana riƙe mariƙin kamar alƙalami, a jingina hannu a kan tebur, a kuma daure abin da ake gyarawa don kada ya kuɓuce. Ba a dannawa da ƙarfi. Wanda ya danna, ko dai kan ya karye, ko ya zame ya yi wa zoben mutane tabo, alhali abin da aka gurje ba ya komawa. Sannu ba ta hana zuwa. Roba tana narkewa idan sauri ya yi yawa, gilashi kuwa sai da ruwa ake huda shi saboda zafi. Tilas ne a sa tabarau na kare ido, a naɗe hannun riga, a kuma cire wuta kafin a sauya kai.

Ko ƙurar da injin ke fitarwa dukiya ce. Maƙeri yakan shimfiɗa fata a ƙarƙashin teburinsa ta tare garin zinariya, in ya taru a kai shi a narkar, a tace.

Sababbin kalmomi

magagari: ƙarfe mai kaushi da ake gurza wani ƙarfe da shi
mariƙi: wurin da ake kama abu da hannu
kuɓuce: suɓuce daga hannu

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin maƙeran baƙi da maƙeran fari?
2. Me ya sa ba a danna injin da ƙarfi?
3. Don me maƙeri ke shimfiɗa fata a ƙarƙashin teburinsa?