Riƙon 'Ya'ya Bayan Saki: Sulhu Kafin Zuwa Gaban Alƙali

Darasinmu na wannan mako a kan hadana ne, watau haƙƙin riƙon yaro da renonsa bayan aure ya mutu.

A ƙauyukanmu na arewacin Kano, irin na ƙasar Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunchi, al'adar da aka saba ita ce da zarar an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauke shi, wai ɗa na uba ne. Galibi kuwa abin da a ke hange shi ne hannun da zai taimaka a gandu da damina, ko yarinyar da za ta ɗauki talla. Sai a damƙa yaro ga kishiyar uwarsa tun bai san damansa da hagunsa ba.

To, littattafan Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da su, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, ba haka suka ce ba. Uwa ita ta fi cancantar riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijinta ya tare da ita. In uwa ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, sai riƙo ya koma ga kakarsa ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura kuwa suna kan uba duk inda yaron ya ke. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyadina Umar ya ga ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da uwarsa, ya ɗauke shi, kakar yaron ta tare shi. Da suka je gaban Halifa Abubakar sai ya umurci Umar ya bar mata shi, Umar kuwa bai yi musu ba. Wanda ya fi Umar ƙarfin hali a cikinmu, sai ya fito.

Amma fa hukunci daban, zaman lafiya daban. Alƙali na iya ba uwa yaro, uba ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, hatsi ya daina zuwa. Saboda haka sulhu ya fi. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da a tashi mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata idan an ji tsoron saɓani, aya ta 233 a Suratul Baƙara kuma ta hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu. A karkara wannan ba wuya, don waliyyan da suka ɗaura auren suna nan, ga liman ga mai unguwa ga dagaci. In abin ya gagare su, akwai Hukumar Hisba ta Jihar Kano, wadda aka yi wa doka a 2003, tana da ofis a ƙananan hukumomi, sasanta ma'aurata kuwa yana cikin manyan ayyukanta.

Masu sulhu kada su tsaya ga ba da haƙuri kurum. A yanke magana filla-filla: mudu nawa na gero ko dawa za a kai, kuma yaushe, wa zai biya kuɗin magani da na makaranta, ranar da yaro zai je gaida ubansa. Malamai sun ba uba damar kula da karatun ɗansa da tarbiyyarsa da rana, da dare ya koma wurin mai riƙonsa. Uba ba ya karɓe yaro don nisa sai in zai yi ƙaura ta barida shida, kimanin mil 72. A ƙasar da gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona, wannan hujja ba ta tasowa.

Abu guda a kiyaye. Akwai mazan da ke riƙe takardar saki har sai mace ta yafe 'ya'yanta. In cutar da ita ya ke yi har ta yarda, saki ya auku, abin da ta sallama kuwa ana mayar mata da shi idan an tabbatar da cutar. Duk yarjejeniyar da aka ƙulla a rubuta ta, shaidu biyu adilai su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya so, za mu duba ladan shayarwa ga matar da aka saka.