Agogon Motsa Jiki Mai GPS: Wace Lamba Ce Abin Yarda a Cikinsa?

Agogon motsa jiki yana nuna lambobi da yawa a fuskarsa: yawan taku, nisan tafiya, bugun zuciya, kalori da awannin barci. Yawancin masu ɗaura shi suna ɗaukar su duka a matsayin gaskiya iri ɗaya, alhali kowace lamba da hanyar da ake samo ta. Wata aunawa ake yi, wata kuma kintace ne kawai.

Nisan tafiya shi ne aikin GPS. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar Amurka ne, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana aiko da saƙon inda yake da lokacin da saƙon ya bar shi. Agogo yana buƙatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ya lissafa inda mai shi yake tsaye. Karɓa kawai yake yi, ba ya tura komai, don haka GPS ba ya cin data kuma ba ya buƙatar sabis. Agogunan yanzu sukan haɗa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin, domin su samu taurari da yawa a lokaci guda.

A nan ne ake yawan cin kuɗin masu saye. Akwai agogon da GPS ɗinsa ke cikinsa, akwai kuma wanda ke aron na waya ta Bluetooth, kuma duka biyun ana iya rubuta GPS a jikin kwalinsu. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe Bluetooth na wayar, a fita fili, a kunna tafiya a agogon. Idan ya kama wuri ya fara zana hanya, nasa ne. Idan ya ce a haɗa shi da waya, to ɗan aro ne, kuma duk ranar da aka bar waya a gida nisan da zai bayar daga yawan taku ya kintato shi.

Ko mai GPS na gaske yana da sharaɗi. Dole a tsaya a fili har alamar ta nuna ya kama taurari kafin a danna farawa, in ba haka ba farkon tafiyar zai ɓata. Lungu mai dogayen katangu, ƙarƙashin rumfar kwano a kasuwa da cikin ɗaki duk suna tare saƙon ko su karkatar da shi, sai a ga taswira ta nuna mutum ya ratsa ta cikin gidajen mutane. Mai son sanin ingancin agogonsa ya je filin wasa mai hanyar tsere: layin ciki mita 400 ne, zagaye biyar kilomita 2. Kuma a riƙa kashe GPS da an gama, don shi ne ya fi komai shan batir.

Ƙirga taku ba ruwansa da taurari. Wata ƙaramar na'ura ce a cikin agogon take jin girgizar hannu. Shi ya sa wanki, daka ko hawa Keke Napep a hanya mai ramuka ke ƙara wa mutum takun da bai yi ba, yayin da mai tura baro zai yi tafiya mai nisa agogon bai ƙirga sosai ba, saboda hannunsa ba ya lilo.

Shi kansa taku 10,000 da agogo ke sa wa mutum a gaba ba likitoci suka yanke shi ba. Ya samo asali ne daga Japan a 1965, lokacin da kamfanin Yamasa ya fito da na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 a kan mata tsofaffi ya gano cewa amfanin tafiya wajen rage haɗarin mutuwa yana ƙaruwa har zuwa kimanin taku 7,500 a rana, daga nan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa da minti take magana: minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici ga baligi, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako ta cika mafi ƙarancin wannan. Wanda agogonsa ke ba da damar sa burin mintuna, gara ya sa wannan a kan na taku.

Koren hasken da ke walƙiya a bayan agogo shi ke auna bugun zuciya. Jini yana shanye koren haske, sai agogon ya lura da yadda hasken da ke dawowa yake raguwa da ƙaruwa a kowane bugu. Idan maɗaurin ya yi sako-sako, ko an ɗaura shi a kan ƙashin wuyan hannu, lissafin yana rikicewa. A matsar da shi sama kaɗan, a ɗaure yadda ba zai yi yawo ba. Don tantancewa, a dafa jijiyar wuyan hannu da yatsu biyu, a ƙirga na daƙiƙa 30, a ninka biyu, a kwatanta. Ga yawancin manya, bugun zuciya a lokacin hutu yana tsakanin 60 da 100 a minti, kuma yakan sauka sannu a hankali idan mutum ya lizimci motsa jiki. Wannan lambar ta fi kowace nuna ko ana samun ci gaba. A lokacin zafi ko ƙishirwa bugun yana hawa ko da saurin tafiyar bai canza ba, alamar a rage ke nan. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi sama-sama kuwa maganar asibiti ce, ko me agogo ya nuna.

Kalori ita ce mafi rauni. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu bakwai: shida sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma a kalori wanda ya fi kyau ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Wanda ya ƙara kwanon shinkafa don agogo ya ce ya ƙona 600 yana iya mayar da fiye da abin da ya fitar.

Sai batun taswirar da agogo ke ajiyewa. A Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar Strava ta fitar, wadda ta tattara hanyoyin gudun masu amfani da ita, ta tona wuraren sansanonin soji a Afghanistan da Siriya, saboda sojoji na gudu da agoguna a hannu. Haka take iya yi wa kowa: mai fita da asuba kullum daga ƙofar gidansa, yana kuma ɗora hoton taswirar a Status, ya sanar da jama'a gidansa, hanyarsa da lokacin fitarsa. A shiga saitin sirri na manhajar a mayar da ayyuka na mai shi kaɗai, a kunna ɓoye farko da ƙarshen hanya idan akwai, ko kuma a yi ɗan nisa da gida kafin a danna farawa.